Yadda Ake Haɗa Tsohuwar Na'ura da Sabuwar Kwamfuta

Wani maƙwabcinmu mai shagon buga takardu a Agege ya sayo laftof tokumbo, ya tashi haɗa ta da tsohon allonsa, sai ya tarar ba ramin da zai karɓi kebul ɗin. Sau biyu yana hawa danfo zuwa Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja. A zuwa na biyu ya samo wanda ya shiga daram, amma allon yana nan baƙi ƙirin. Kan kebul na iya dacewa da rami, saƙon da ke bi ta ciki kuma ya zama wani yare dabam.

Kafin ka bar gida, ɗauki hoton ramukan na'urorin biyu da wayarka. Kwatance da baki a titin Otigba na cikin kasuwar wahala ne, hoto kuwa ba gardama.

Sai ka gane ramin allon, don nan aka fi asarar kuɗi. Mai launin shuɗi, mai ƙananan huda 15 da kusoshi biyu a gefe, shi ne VGA, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987. Hoto kaɗai yake ɗauka, a tsohon tsarin analog. HDMI kuwa dijital ne, yana kai hoto da sauti tare. Zallar waya mai kan VGA a nan, kan HDMI a can, ba za ta yi maka komai ba. Abin da za ka nema shi ne adafta mai ɗan inji a ciki da ke juya saƙon, kuma hanya ɗaya yake bi. Idan laftof ce mai HDMI, allo ko majigi mai VGA, ka ce "HDMI zuwa VGA". Na akasin haka dabam ne, galibi ma sai an ba shi wuta ta USB. Rashin sanin haka ne ya kayar da maƙwabcin namu. In kana son sauti, zaɓi mai ramin sifika a jiki. Allo mai farin ramin DVI ya fi sauƙin kai: shi da HDMI yarensu ɗaya a wajen hoto, ƙaramin adafta ya wadatar.

USB ba shi da rigima sosai. Tsohon filashi yana aiki a sabon rami mai shuɗin harshe, sai dai gudun na mai rauni ne za a bi: USB 2.0 na shekarar 2000 iyakarsa megabit 480 a daƙiƙa, USB 3.0 na 2008 yana kai gigabit 5. Tarkon yana ga USB-C, wato sabon ƙaramin ramin USB. Kai iri ɗaya ne, amma wani kebul ɗin caji kawai ya iya, kuma ba kowane ramin USB-C ke fitar da hoto ba. Duba ko akwai alamar walƙiya ko harafin D kusa da ramin, ko ka nemi bayanin samfurin laftof ɗin a intanet.

Tsohon kibod mai zagayayyen kai ruwan hoda-shuɗi da linzami mai kore, wato PS/2, ni dai ban ga amfanin wahala a kansu ba, sayi sabo na USB. Tsohuwar firinta mai faffaɗan rami kuwa tana da kebul mai juyawa zuwa USB, amma fara tabbatar da cewa Windows ɗinka na da direbanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firintar, in ba haka ba ka sayi igiya ce kawai.

Ranar sayayya ka tafi da laftof ɗin a jaka. Ka ce wa mai shago, "Oga, jona mu gani." Sai hoto ya fito a allonsa, ka ɗan girgiza kebul ɗin ka ga bai ɗauke ba, sannan ka miƙa kuɗi, ka karɓi rasit mai lambar shagon.