Kurakuran da masu aikin kwamfuta suka fi yi da bayanan jama'a

A shagunan rajistar layin waya na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, wani kuskure da ake yi shi ne ma'aikaci ya ɗauki hoton katin shaidar mutum da wayarsa ta kansa, ya tura wa abokin aiki ta WhatsApp, sannan hoton ya kwashe watanni yana zaune a tsakanin hotunan biki da na suna. Katin nan yana ɗauke da cikakken suna da ranar haihuwa da lambar shaida, kuma idan wayar ta ɓace ko aka kai ta gyara, ɗan damfara ya sami abin da zai yi sojan gona da shi. Gyaran shi ne a shigar da bayanin kai tsaye cikin manhajar aikin, idan kuwa ɗaukar hoto ya zama dole, a goge shi a gaban mai katin, a kuma share kwandon da gogaggun hotuna suke taruwa.

Masu haɗa manhaja ma suna da nasu laifin, wanda a ganina ya fi muni domin da saninsu suke yi. Mutum zai karɓi kwangilar tsara wa wani asibiti rumbun bayanai, sai ya kwafi sunayen marasa lafiya na gaskiya, har da cutar da ke damun kowa, ya tafi da su gida don gwaji. Sunayen ƙarya sun isa gwaji.

Kalmar sirri guda ga ma'aikata biyar, an rubuta ta a takarda an manna a jikin allon kwamfuta, ita ma ta zama ruwan dare. A ba kowa nasa asusun, ta yadda za a san wanda ya taɓa me, a kuma rufe asusun wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi. Haka nan gogewar gaggawa ba ta share abin da ke cikin faifan tsohuwar kwamfuta, sai an bi shi an rubuta wani abu a kai, ko a fasa shi kafin a sayar.

Wasu suna zaton babu dokar da ta hau kansu. Kamaru tana da dokar tsaron intanet tun Disamba 2010, ta kuma kafa dokar kare bayanan mutane a Disamba 2024. Chadi ta yi tata dokar kare bayanan tun 2015, don haka mai aiki a Kuseri, garin Kamaru da ke kan iyakar Chadi, da yake hulɗa da kamfanonin Njamena ya kamata ya karanta dokokin ƙasashen biyu kafin ya sa hannu a kwangila.