Yadda Ake Ƙiyasta Kuɗin Kai Mota Daga Legas Zuwa Kano

Yawancin waɗanda suka sayi mota a Legas karo na farko, ko suka fito da ita daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can, sukan tambayi mai tirela farashi ɗaya, su rubuta shi, su ɗauka cewa lissafi ya ƙare. Daga baya motar takan iso Kano bayan ta ci kuɗin da ya zarce wancan farashi nesa ba kusa ba, kuma akasarin ƙarin yana fita ne tun kafin motar ta bar Legas.

Da farko a tsayar da hanyar da za a bi, domin nisan ne tushen lissafi. Akwai hanyar Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Tegina da Birnin Gwari zuwa Kaduna har Kano, wadda ta haura kilomita 1,000, akwai kuma ta Lokoja da Abuja, wadda ta kusan kai kilomita 1,200. Direbobi da yawa sun fi son ta biyun duk da tsawonta, saboda matsalar tsaro da lalacewar titi a yankin Birnin Gwari, don haka ni nakan yi lissafi da doguwar hanyar ko da direba ya yi alkawarin bin gajeriyar.

Sannan a zaɓi tsakanin ɗora motar a kan tirelar ɗaukar motoci da ba wa direba ya tuƙo ta. Lissafin direba a fili yake. Idan motar tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, tafiyar kilomita 1,200 za ta ci lita 120, sai a ninka wannan da farashin lita na ranar da za a tashi, ba na watan jiya ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin bai tsaya wuri ɗaya ba. A ƙara ladan direba, abincinsa, kwanansa a hanya, da kuɗin motar da zai koma gida idan mazaunin Legas ne. A ƙara juyen baƙin mai da duba taya kafin tashi, domin motar da ta yi makonni a cikin jirgin ruwa ba a amince mata da irin wannan tafiya haka kawai. Sau da yawa jimillar takan yi ƙasa da kuɗin tirela, amma ra'ayina shi ne motar da za a sayar, ko mai tsada, ba a ba wa direba ita, saboda dutse ɗaya da ya fasa gilashin gaba ya cinye rangwamen da aka samu.

Matakin da ya fi kayar da sababbin shiga shi ne lokacin jira. Tirela ba ta tashi sai ta cika, kuma mai ita ba zai ƙona man gas zuwa Kano da rabin lodi ba. Idan motarka ce ta farko da aka karɓa, tana iya yin kwanaki tana jiran sauran. Tambayar da ya kamata a yi wa mai tirela ita ce motoci nawa ya riga ya samu, kuma nawa suka rage, sannan a je a gani da ido, domin ɗan kamasho kullum amsarsa ita ce gobe za a tashi. A duk kwanakin nan motar tana ajiye a wani wuri, kuma wurin yana karɓar kuɗi. Idan an bar ta a cikin tashar jiragen ruwa da nufin sai tirela ta shirya, kuɗin ajiya na tasha ana lissafa shi ne kullum, kuma yana ƙaruwa idan kwanaki suka yi yawa. Ya fi sauƙi a fitar da ita da zarar ejan, wato wakilin da ke fito da ita daga kwastam, ya kammala takardu, a kai ta garejin da tirelar ke lodi, a biya maigadi. Wannan ɗan gajeren zangon daga tasha zuwa gareji shi ma yana da direbansa da mansa, kuma kusan ba a taɓa saka shi a cikin farashin da mai tirela ya faɗa ba. Motar da ba ta tashi, kamar irin waɗanda ake sayowa da hatsari daga gwanjon Amurka, tana buƙatar janwe a Legas da kuma wani janwen a Kano, ga ƙarin kuɗin ɗora ta a kan tirelar. Batirin da ya mutu a lokacin jira ma kuɗi ne.

Girman motar yana canza farashi. Jif ko bas tana cin wurin da ya fi na ƙaramar mota, saboda haka a faɗa wa mai tirela ainihin samfurinta, kuma a tambayi aƙalla mutum uku. Wanda farashinsa ya yi ƙasa sosai, yawanci ɗan kamasho ne da bai da tirela, zai karɓi kafin alƙalami sannan ya tafi neman wanda zai ɗauka.

Takardun kwastam su kasance cikakku, lambar shasi ta yi daidai da wadda ke kan takardar biyan kuɗin fito, domin jami'an kwastam suna tsayar da motoci a hanya, kuma motar da aka riƙe ta fita daga kowane irin lissafi. A tambaya ko tirelar tana da inshorar kayan da ke kan hanya, idan ba ta da ita a nemi farashi daga kamfanin inshora a haɗa. A ɗauki hoton motar ta kowane ɓangare kafin lodi. A tabbatar da wurin da za a sauke ta a Kano, domin tirela ba ta shiga unguwa, kuma a ajiye kuɗin mai da na direban da zai ƙarasa da ita gida. Bayan an haɗa duka, ni nakan ɗora kashi 10 cikin 100 a kai, kuma ba na biyan fiye da rabin kuɗin tirela sai motar ta sauka.