Kat-kat a bakin teku: nasiha ga ɗan Damagaram da ya sauka ƙasar waje

Duk wanda ya tashi a Damagaram yana ganin rairayi ba baƙonsa ba ne, kuma da gaskiyarsa. Ko bai taɓa riƙe sitiyari ba, ya ga motocin hanyar Tanut da Agadas, ya ga Hilux ɗin da ke shiga Taskar daga Gure da shebur da faifan ƙarfe ɗaure a gefe, ya ji hirar direbobi a fada. To ɗan'uwa, wannan sanin ne yake yaudarar mutanenmu idan suka je ƙasar da ake tuƙi a bakin teku. A hamada in mota ta kafe, sai a sauko a dafa shayi, a jira sanyin asuba rairayi ya ɗan yi ƙarfi, a haƙa a fita. A bakin teku ba ka da wannan lokacin, ruwa yana tafe.

Damar za ta same ka ko ba ka neme ta ba. Wanda ya sauka Greensboro a jihar Karolaina ta Arewa, inda ƴan Nijar suke da yawa, wata rana abokai za su ce a tafi gaɓar Cape Hatteras. Na Katar za a ja shi Silain kusa da Misa'id, ko can Khor Al-Udaid a iyakar Saudiyya, inda teku ya ratso tsakanin tuddan rairayi. Ɗalibin da ke Ostareliya zai ji labarin K'gari, tsibirin rairayi mafi girma a duniya, wanda kafin 2023 ake kira Fraser.

Fara da ruwan, don shi ne abin da ba mu gada ba. A mafi yawan gaɓoɓi teku yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da janyewa kimanin awa 6. Lokacin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum yana jinkirtawa da kamar minti 50, shi ya sa ƙarfe goman da abokinka ya wuce lafiya a makon jiya ba za ta yi maka amfani yau ba. Wata ne ke jan ruwan, kuma mu da muke lissafi da wata muna da sauƙi a nan: a tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar ta fi tsanani, ruwa ya kan kai inda ba ya kaiwa sauran kwanaki. Akwai jadawalin cika da janyewa na kowace gaɓa, kyauta a intanet. Duba na ranar, na wurin da za ka, ka shiga lokacin da ruwa yake janyewa. A K'gari hukuma ta ce a kauce wa tuƙi awa 2 kafin cika da awa 2 bayanta, ni kuwa ina ganin sabon shiga ya riƙe wannan a ko'ina. Direbobin Muritaniya, kafin a yi kwalta tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu, haka suke zama a Nuwamghar suna jiran ruwa ya janye sannan su bi gaɓa. Su ma ƴan hamada ne, amma ba su yi wa teku gardama ba.

In ka sauka, tako da ƙafa ka nemi layin da ruwa ya bari a cikarsa ta baya. Za ka ga ciyawar teku da ƴan itatuwa da bawon kifi sun jeru, sama da layin rairayi busasshe mai laushi, ƙasa da shi mai damshi mai tauri. Tuƙi ya fi daɗi a mai taurin, amma ba a ajiye mota a nan. Za ka yi salla, za ka ci abinci, hau sama da layin tukuna. Motar da ke tsaye inda igiyar ruwa ke taɓawa, kowace igiya tana kwashe rairayin da ke ƙarƙashin tayoyinta, kana kallo tana zama a hankali har cikinta ya taɓa ƙasa. Wanda ya taɓa ganin yadda kori yake yi da mota a damina ya san ƙarshen labarin.

Sai doka. A can gaɓa hanya ce, da ƴan sandanta da tararta. A Cape Hatteras sai da takardar izini ta musamman, gudu ba ya wuce mil 15 a awa, wato kilomita 24, kuma dole a samu shebur da jak da katakon ɗora shi da gejin iska a motarka. Sukan rufe wasu sassa saboda tsuntsaye da kunkurun teku masu ƙwai, daga watan Mayu kuma ana taƙaita tuƙin dare. A K'gari ma sai da izini, ana bin hannun hagu kamar a kwalta, iyakar gudu kilomita 80 a awa a gaɓar gabas, 30 a hanyoyin ciki, kuma ƙananan jiragen sama suna sauka a kan wannan gaɓar. Baƙon da takardun zamansa ba su gama nuna ba, me zai kai shi neman magana da hukuma a kan ƙwan kunkuru? In motar haya ce, karanta yarjejeniyar. Yawanci sun hana sauka daga kwalta, in ruwa ya ci motar daga aljihunka za ta fito.

Motar ma a tabbata kat-kat ce ta gaske, wato mai ja da tayoyinta huɗu duka. Ƙananan jif na gari masu ɗan gajeren ciki ba na nan ba ne, ko da an rubuta musu komai a baya.

Maganar iskar taya ka san ta tun gida, sai dai a nan da geji ake yi, ba da ido ba. A kwalta taya tana ɗauke da iska wajen 2.2 zuwa 2.5 a ma'aunin da ake kira ba (bar). Kafin ka taka rairayi, tsaya a mashiga ka rage duka huɗun zuwa 1.2 ko 1.4, wato 18 zuwa 20 a gejin Amurka. Tayar za ta shimfiɗa, ta hau kan rairayin maimakon ta haƙa shi. In wurin ya yi laushi ƙwarai ana saukowa har ba 1, amma daga nan ba kwana mai kaifi, ba gudu, don taya na iya zamewa daga ƙarfenta. Sa kat-kat ɗin tun kana kan ƙasa mai tauri. Sababbin motoci suna da na'urar hana santsi wadda take rage wa inji ƙarfi da zarar taya ta fara juyawa a banza, a rairayi kashe ta ake yi.

Tuƙin kansa na natsuwa ne. Tashi a hankali, riƙe totur daidai, bi sawun waɗanda suka wuce don sun riga sun danne maka hanya. Kada ka canza giya a tsakiyar laushi, da ka taka kuloci motar ta tsaya. Birki mai ƙarfi yana tara rairayi a gaban taya, gara ka ɗaga ƙafa ta tsaya da kanta. Ka sa ido kan ƴan koramun da ke gangarowa teku, sukan yanke gaɓa su bar rami mai kaifin baki wanda ba a gani sai an zo kansa. A Katar kuma akwai filayen gishiri da suke kama da daɓe, alhali taɓo ne a ƙasa. Yara suna gudu tsakanin motoci, ƙarar teku ba ta barinsu su ji inji.

Ka ji mota ta fara nishi tana tono, ɗaga ƙafa nan take. Zuciya za ta ce ƙara wuta, kuma nan ake binne mota. Gwada komawa baya a kan sawunka. In ta ƙi, sauko ka ƙara rage iska, ka haƙe gaban tayoyi da ƙarƙashin ciki, ka cusa faifan ƙarfe a ƙarƙashin tayoyin. In wani zai ja ka, igiyar ta shiga wurin da aka tanada don ja. Kada a yarda a maƙala ta a dunƙulen ƙarfen nan na jan tirela, yana karyewa ya tashi da ƙarfin da ya sha kashe mutane. Masu kallo su ja nesa. Mu mun saba kowa ya zo ya sa hannu a tura, amma in igiya ta miƙe ba wanda ake so kusa da ita. Saboda irin wannan ne fita da mota biyu ta fi, musamman karon farko.

Da ka fito, mayar da iska kafin ka hau kwalta da gudu, taya mara iska tana zafi ta fashe. Ba mai faci a bakin hanya kamar na Kasuwar Dole, don haka sayi ɗan famfo mai aiki da batirin mota. Ranar nan kuma a wanke ƙarƙashin motar da ruwan daɗi, gishiri yana cin ƙarfe fiye da yadda mutumin tudu yake zato. Wannan ya shafi masu sayen ta hannu don turowa gida: in motar daga garin bakin teku take, kwanta da tocila ka duba shasi da bututun birki kafin a yi maganar kuɗi.