Yadda Mai Koyon Golf Zai Zaɓi Salon Gangara Ƙwallo Zuwa Rami

Malaman wasan golf sun daɗe suna ja-in-ja kan bugun ƙarshe, wato wanda ake yi a lallausan filin da ke kewaye da rami. Dave Pelz, wanda ya yi aiki a hukumar NASA ta Amurka kafin ya koma koyar da wasan, ya yi fice da ra'ayin cewa kan sanda ya koma baya a miƙe, ya kuma dawo a miƙe. Stan Utley da masu ra'ayi irin nasa kuwa suna ganin kan sandar ya kamata ya ɗan yi lanƙwasa kamar ƙofar da ake buɗewa ana rufewa. Kowane ɓangare yana da gwanayen da zai kafa hujja da su, saboda haka mai koyo ba zai raba wannan gardama da baki ba, sai da gwaji.

Ka fara da sandar da ke hannunka. Ɗora ta a kwance bisa yatsa ɗaya a inda nauyinta ya daidaita, sannan ka dubi kanta. Idan fuskar ta kalli sama, an ƙera ta ne domin bugun da ya kusa miƙewa. Idan bakin ya sunkuya ƙasa, ta fi dacewa da mai lanƙwasa. Sau da yawa mutum yakan zargi hannunsa alhali sandar ce ba ta dace da motsinsa ba. Ka kuma sani cewa doka ta tilasta sandar ta karkace daga tsaye da aƙalla digiri 10, don haka 'yar lanƙwasa halitta ce ga duk wanda yake motsa kafaɗunsa kawai, kuma a ganina a nan ne masu cewa a miƙe zalla suka ɗan wuce gona da iri.

Daga nan sai ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe, taku biyu daga rami, ka kafa 'yan turaku biyu da tazarar da kan sandar zai ratsa da ƙyar, kamar yadda aka san Tiger Woods yana yi a atisayensa. Ka buga ƙwallo ashirin da salon farko, ashirin da na biyu, ka maimaita a ranaku dabam-dabam kana rubuta sakamakon. Abin lura shi ne inda fuskar sanda ta kalla a daidai lokacin da ta taɓa ƙwallo, domin ita ce ke da kaso mafi tsoka wajen nuna wa ƙwallo hanya, ba tafarkin da sandar ta biyo ba. Faɗin ramin inci 4.25 ne kacal, karkata kaɗan ta isa ta kai ƙwallo gefe.

Riƙo ba ya bukatar dogon bayani. Idan wuyan hannunka yana karyewa, gwada sa hannun hagu a ƙasan na dama a jikin sandar irin na gwanin wasa Jordan Spieth. Kada dai ka tokare sandar da ƙirji ko ciki, domin hukumomin R&A da USGA, masu tsara dokokin wasan, sun haramta hakan tun daga 1 ga Janairun 2016, bayan Adam Scott ya lashe gasar Masters ta 2013 da doguwar sanda mai tokari.

Ragowar lokacinka ka ba wa ƙarfin bugu, wanda masu gardamar salo sukan manta da shi. Pelz ya ce ƙarfin da ya fi dacewa shi ne wanda zai kai ƙwallo kimanin inci 17 gaba da rami idan ta kuskure. Ka shimfiɗa wata sanda a wannan tazara bayan ramin, ka riƙa bugowa daga taku biyar, takwas da goma sha biyu, kana ƙara tsawon jan hannu maimakon ƙara fizga, har sai ƙwallo ta saba tsayawa tsakanin ramin da sandar.