Kurakuran da asibitoci ke yi wajen zaɓen inda za su ajiye bayanan majinyata

Asibitin da ya ƙudurta barin katin takarda ya koma manhaja, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya sayi saba, wato babbar kwamfutar ajiya, ya girka ta cikin asibitin, ko ya riƙa biyan kamfani kuɗi duk wata, bayanan suna rumbun kamfanin, ma'aikata na shiga ta intanet. Kowacce tana aiki. Ɓarnar tana farawa ne idan aka zaɓa bisa abin da dillali ya nuna ranar talla, ranar da akwai wuta, sabis kuma a cike.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗaukar hanyar intanet ba a tambayi abin da zai faru idan sabis ya ɗauke ba. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a duk Jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Ranar 14 ga Maris, 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace daura da Kwaddibuwa, har bankunan Najeriya suka ji a jikinsu. Banki zai iya cewa a dawo gobe. Nas ɗin da ke ɗakin haihuwa ƙarfe biyun dare, ga mai naƙuda jininta ya hau, tana son ganin bayanin allurar da aka yi wa matar da magariba, ba ta da gobe. Saboda haka kafin a sa hannu, a ce wa dillalin ya cire intanet a gaban kowa, ya yi wa majinyaci rajista, ya rubuta magani, sannan ya mayar a ga ko bayanan sun hau. In manhajar ta tsaya cak, a nemi wata. A kuma tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban.

Masu ajiye saba a gida su ma suna da nasu. Gani suke tunda injin yana ƙarƙashin makullinsu, shi ke nan. Na sha ganin saba a lungun ɗakin kati, ƙurar hunturu ta toshe fankarta, ba na'urar sanyaya ɗaki, ga zafin Afrilu. Duk ɗaukewar wuta sai ta mutu ba shiri, kuma haka rumbun bayanai ke lalacewa. Wanda ya ga duhun da Arewa ta kwana cikinsa fiye da mako guda a Oktoban 2024 ya san janareta kaɗai bai isa ba. Sai da sola da batir na sabar ita kaɗai.

Sai maganar kwafi, wadda ita ta fi damuna. Da yawa suna kwafar bayanai a wani faifai, su ajiye shi kan teburin da sabar take. Gobara ko ɓarawo ba sa bambancewa. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. A yi kwafi kowane dare, ɗaya ya kwana a wani gini ko a rumbun intanet. Lokaci-lokaci kuma a gwada dawo da shi a wata kwamfuta, don akwai kwafin da sai ranar buƙata ake gane fanko ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lissafin kuɗi ma ana yin sa rabi. Manhajar bayanan majinyata irin OpenMRS kyauta ce, amma injin, batir, da albashin mai kula da ita ba kyauta ba ne. In kuma mutum ɗaya ne ya san sirrin sabar, ranar da ya samu aiki a Abuja asibitin ya shiga uku. Ta intanet kuwa, a duba ko da dala aka rubuta farashin. Waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da dala kafin a sakar wa kasuwa darajar naira a Yunin 2023 sun ga yadda kuɗin wata ya ninka. A lissafa shekara biyar, ba ranar saye kawai ba.

Wasu kuma suna zaton da zarar bayanai sun koma hannun kamfani, amanar ma ta koma. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma asibitin da ya tattara su bai fita daga alhaki ba. A rubuta a yarjejeniya cewa bayanan na asibiti ne, a wace ƙasa ake ajiye su, da kuma cewa ranar rabuwa za a miƙa su cikakku ta sigar da wata manhaja za ta iya karantawa, ba tare da ƙarin caji ba. Kowane ma'aikaci kuma a ba shi lambar sirrinsa, a cire takardar nan mai lambar sirri ta kowa da kowa da ake liƙawa jikin allon kwamfuta, don a san wanda ya buɗe fayil ɗin kowane majinyaci.