Yadda Ake Shirya Hawan Dutse ta Cikin Daji Cikin Kwanciyar Hankali

Duwatsun ƙasar Katsina, tun daga 'yan ƙananan da ke tsakanin Katsina da Daura har zuwa manyan da ke wajen Dutsin-Ma da kudancin jihar, ba su da tsawon da zai gagari mai lafiya. Yawancinsu a hau a sauka kafin azahar. Abin da ke ba jama'a wahala shi ne ƙaya da sarƙaƙiyar da ke gindi, da itatuwan da suka rufe kan dutsen har mutum ya kasa gane ta inda ya hawo. Duk shirin da za a yi, a kan waɗannan biyun zai tsaya.

Amma kafin maganar ƙaya, maganar tsaro. Dajin Rugu da dazukan da ke jingine da shi ta Batsari, Safana, Ɗanmusa, Jibiya da Ƙanƙara ba wuraren yawon buɗe ido ba ne, ko da an ce an samu lafawa. A wajen waɗannan ma, labarin tsaro na wannan mako ake nema, na bara ba ya aiki. Mutum biyu daga cikinku su je ƙauyen da ke gindin dutsen kwana uku ko huɗu kafin ranar, su gaida mai unguwa, shi zai kai su wurin dagaci idan akwai buƙata. A faɗi adadinku da ranar zuwa da lokacin sauka, a sanar da 'yan sintirin garin da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Idan dattawan gari suka yi jim kafin su amsa, ku fasa, a sake wani dutsen. A nan ne kuma za a tambayi wuraren da ba a takawa: gonar da ba a gama girbe ba, tsohuwar maƙabarta, kogon da mutanen garin ke jin nauyinsa.

A roƙi mai unguwa ya ba ku ɗan jagora, maharbi ko makiyayin da ya saba da dutsen, a yanke ladansa tun kafin a tashi. Adda tana hannunsa shi kaɗai. Baƙi goma riƙe da adduna a bakin daji, ko jerin babura sun shigo ƙauye da sassafe, tayar da hankali ne a wannan zamani. Ku zo a mota ɗaya ko biyu, kada kowa ya sa kaya mai kama da kakin soja, kada a rufe fuska da rawani.

Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba ne zuwa tsakiyar Fabrairu. Da damina ciyawa ta kai ƙirji, fa, wato falalen dutse, yana santsi, ba ka ganin inda ƙafarka za ta sauka. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, dutsen kuma ya riƙe zafin ya dawo maka da shi ta tafin ƙafa. Hunturu ma yana da nasa: ranar da hazo ya yi kauri ba a ganin alamomin nesa, kuma lokacin ne ake ƙunar daji. Kun hango hayaƙi ta inda iska ke fitowa, ku dakata, domin wuta ta fi gudu idan tana hawa tudu. A Disamba rana na fitowa wajen ƙarfe bakwai saura kwata, ta faɗi shida da 'yan mintuna. A yi asuba a gida, a kasance a gindin dutse ƙarfe bakwai.

Mutum shida zuwa goma sun isa. Ƙasa da huɗu akwai haɗari, domin idan ɗaya ya ji ciwo ana so ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. Sun wuce goma sha biyu, layi ya yi tsawo, na gaba ba ya jin na baya. A tambayi kowa a asirce game da hawan jini, ciwon suga, asma da ciwon gwiwa, mai magani ya taho da abinsa.

Lissafin lokaci yana da tsohuwar ƙa'ida da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne a kan hanya. Ga ayari mai hira da ɗaukar hoto, ku ƙara rabin abin da ya fito. Da zarar an bar turba an shiga sarƙaƙiya kuwa, ku ɗauka kilomita ɗaya a awa. Misali: kilomita 3 a kan turbar shanu, kilomita ɗaya a cikin ƙaya, da hawan mita 150, zai ci kamar awa biyu da kwata zuwa sama, ban da hutu. Sai a tsayar da lokacin juyowa, a ce sha ɗaya na safe, a faɗe shi a gaban kowa tun a mota. Sha ɗaya ta yi, a juyo, ko saura taku hamsin.

Kaya: dogon wando mai kauri, riga mai dogon hannu, takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, da safa da za a cusa ƙafar wando a ciki saboda ƙarangiya da kaska. Silifas da babbar riga su zauna a mota. Mata su zaɓi ɗan gajeren hijabi a kan wando, domin doguwar abaya ƙaya ce ke cin ta. Kowa da sanda, da hula ko malafa, da usur. Ruwa lita 3 ga mutum ɗaya, wato ledar fiya wata shida, amma a juye a gora, don ƙaya ɗaya ta isa ta huda leda a cikin jaka. Na alwala daban. Guzuri mara nauyi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, biredi, lemo. Kilishi ya bari sai an sauko, ƙishirwa yake jawowa. A jaka ɗaya a haɗa bandeji biyu, filasta, maganin wanke ciwo, hantsaki na cire ƙaya, farasitamol, tocila da ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki. Babu ƙunshin, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa.

Tun a gida a sauke taswirar wurin a waya biyu, domin sabis kan ɗauke a bayan dutse. A duba hoton tauraron ɗan'adam: inda itatuwa suka yi duhu sosai kurmi ne. A gindin dutse a danna alamar inda aka ajiye mota, a sake dannawa a daidai inda aka bar turba.

Shiga daji sai a layi ɗaya. Ɗan jagora a gaba, wanda ya fi kowa rashin sauri a bayansa, mai ƙarfi da jakar magani a can ƙarshe, kuma babu mai wuce na gaba ko zama bayan na ƙarshe. A bar taku uku tsakanin mutum da mutum, saboda reshen da na gaba ya saki yakan dawo ya doki idon na baya. Kada a nace sai an miƙe. Sabara da geza da kalgo ana ratsa su da hannu, amma sarƙaƙiya da ɗunɗu da magarya kewaya su ake yi. Ƙayar sarƙaƙiya lanƙwasasshiya ce, idan ta kama riga ka ja gaba ƙara shiga take, sai ka koma baya taku ɗaya ka zare. Bi ta ƙashin bayan dutse ya fi bi ta kwari, domin can ƙasa ba ta da zurfi, itatuwa irin su hano da kukkuki tsilla-tsilla suke, kwari kuwa nan ne danshi da kurmi da maciji suke taruwa. Duk minti arba'in a huta minti goma a inuwa, a ƙirga kai, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi. A kan fa mai gangara, tsakuwa da busasshen ganye ne ke kayar da mutum. A taka tsirarin dutse, kuma kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin mai hawa.

Kububuwa da kasa ba sa gudu, kwanciya suke su saje da ƙasa. Saboda haka sanda ce ke fara shiga ciyawa kafin ƙafa, ba a sa hannu a rami ko tsagar dutse, ba a tsallake gungume sai an hau kansa an leƙa. Idan ƙaddara ta faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tam da igiya. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi a kai asibitin da tun farko kuka tabbatar yana da allurar dafin maciji. Kumurci ya yi tofi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa. Haka ma madarar tumfafiya ko tinya. Ƙudan zuma kan yi saƙa a kogon dutse, don haka a bar turare a gida, kuma an ji gunjinsu a janye ba hayaniya.

Kan dutse mai itatuwa ba ya sanar da kansa. Kuna sama ne idan ƙasa ta gangara ta kowane ɓangare. Nan ne aka fi ɓata, domin daga tsakiya duk inda ka fuskanta gangara ce, kuma duk kama ɗaya. Kuskuren digiri 10 a sama ya zama kamar mita 175 bayan kilomita ɗaya, wanda ya isa ya sauke ku a wani kwari dabam, bayan dutse, nesa da mota. Don haka tun kafin a zauna cin dabino, a ɗaura jan ƙyalle a itacen da kuka ɓullo ta gefensa. A karanta kamfas na waya lokacin hawa: idan kun hawo a kan digiri 40, saukarku 220 ce, wato a ƙara 180, ko a rage idan adadin ya haura 180. A hanya ma a riƙa waiwaye ana duba yadda wurin yake ta baya, ana ɗaura ƙyalle a mararraba, a kwance su da dawowa.

Wanda ya rabu da ayari ya tsaya inda yake ya busa usur sau uku, ya saurara, ya maimaita. Sauran su tsaya wuri ɗaya, mutum biyu da ɗan jagora su koma inda aka gan shi na ƙarshe. Lambar gaggawa 112 ce, amma ta mai unguwa da ta shugaban 'yan sintiri za su fi saurin amfani, a rubuta su a takarda.

Sauka ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan gajiya ke sa a gurɗe, sai a ba ta lokaci daidai da na hawa. An iso mota a ƙirga kai, a duba kaska a bayan gwiwa da ƙugu da hammata, a sallami ɗan jagora, a biya ta wurin mai unguwa a shaida masa kowa ya sauko. Sannan a kira wanda aka bar wa sunayenku a gida, wanda aka ce masa idan ƙarfe uku ta yi bai ji ku ba ya fara kiran lambobin nan.