Kurakuran da muke yi wajen kafa kyamarar tsaro

Wani maƙwabcin shagona a Kantin Kwari ya sa kyamarori huɗu da kuɗi masu kauri. Daren da aka fasa masa shago, da safe muka taru a kan na'urar, ba mu ga komai ba sai farin haske ya cika allon. Abin ya yi min ciwo, domin kyamarorin lafiyarsu ƙalau, kafa su ne aka yi ba daidai ba.

Da rana kyamara na aiki da hasken da idonmu ke gani. Idan duhu ya yi, sai ka ji ɗan ƙas, ta janye matacin hasken da ke gaban idonta, ta kunna ƙananan fitilun infrared, wato hasken da idon mutum ba ya gani. Fitilun iri biyu ne: na nanomita 850 (ma'aunin tsawon zangon haske ke nan) su ne masu ɗan ja kamar garwashi. Na 940 ba a ganinsu, amma ba sa kaiwa nesa. Hasken nan ne ke dukan abu ya dawo mata, shi ya sa hoton dare baƙi da fari ne.

Shi maƙwabcin nawa a bayan gilashi ya sa nasa. Hasken ya daki gilashin ya komo, ya makantar da su. Haka bango na kusa ko rumfar kwano ke yi. Fito da taka fili, ka kauda fuskarta daga bango.

Sai ƙura. Lokacin hunturu, hazo na kwanciya a gilashin kyamarar, ƙwari na bin hasken, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa. Zare ɗaya da dare fitowa yake kamar igiya, kuma da yake kyamara na gane motsi ne ta hanyar kwatanta hoto da na bayansa, sai wayarka ta kwana tana ƙara a banza. Goge ta da tsumma mai laushi duk mako, ka ware mata bakin ƙofa kaɗai ta riƙa lura da shi.

Kada ka kai ta ƙololuwar bene, hula za ka gani ba fuska ba. Kusan mita 3 ya isa.

Kada kuma ka rantse da launin rigar ɓarawo, baƙar riga kan fito fara da dare. Ita kuwa kyamarar da ke gano zafin jiki daban take: tana ganin mutum cikin baƙin duhu, amma ba ta gani ta gilashi, ba ta kuma fayyace fuska.

Kafin ka sallami mai haɗawa, ku jira bayan isha'i, ka sa yaron shago ya zo daga titi zuwa ƙofa, ka duba ko za ka gane shi.